Wane Ne Puskas Ɗin Da Ake Ba Da Kyauta Da Sunansa?

Assalamu alaikum jama'ar gida. Ƙanena, na ji tambayarka tun safe, wai wane ne Puskas ɗin nan da FIFA ke ba da kyautar ƙwallo mafi kyau da sunansa, ko ɗan Sifaniya ne? Ina hanya lokacin, shi ya sa ban amsa ba.

To, ba ɗan Sifaniya ba ne. Ferenc Puskas mutumin Hangari ne, a Budapest aka haife shi a 1927. Gajere ne kakkaura, ƙafar hagu kawai yake aiki da ita, ta daman nan sai dai tafiya. Amma wasa 85 ya buga wa ƙasarsa, ya ci ƙwallo 84. Ka sake jin lissafin nan da kyau.

Kulob ɗinsa Kispest, sojoji suka karɓe shi suka mai da shi Honved, har aka ba shi muƙamin Manjo. A 1952 shi da tawagar ƙasar Hangari suka ci zinare a Olamfik. A 1953 suka bi Ingila har gida Wembley suka lallasa su 6 da 3. Don Allah ku nemi bidiyon, yana nan a YouTube, baƙi da fari. Kyaftin ɗin Ingila, Billy Wright, ya taho da gudu zai kwashe shi, sai kawai Puskas ya taka ƙwallon da tafin ƙafa ya janyo ta baya, mutumin ya wuce fuuu yana sulɓi a ƙasa, shi kuma ya ɗirka ta raga.

Inda abin yake min ciwo shi ne kofin duniya na 1954 a Suwizalan. Sun ci Jamus ta Yamma 8 da 3 a rukuni, a nan aka ji masa ciwo a idon sawu. Suka sake haɗuwa a wasan ƙarshe, ya shigo bai gama warkewa ba, ya fara cin ƙwallo, suka yi biyu da nema. Jamus ta farke duka ta ƙara ɗaya. Ana dab da tashi ya sake zurawa, aka ɗaga tuta wai satar gida. Shi ke nan, 3 da 2, kofi ya tafi.

Sai 1956 tankokin Tarayyar Sobiyet suka murƙushe boren Hangari lokacin Honved na waje, ya ƙi komawa gida. Aka dakatar da shi, ya zauna ba wasa har tumbi ya fito. Yana da shekara 31 Real Madrid ta ɗauke shi a 1958, mutane na cewa ya ƙare. Wanda ya ƙaren ne ya ci huɗu a wasan ƙarshe na kofin Turai a 1960, da suka yi wa Eintracht Frankfurt 7 da 3, abokin wasansa Di Stefano ya ci ukun. A 1962 ma ya ci Benfica uku, duk da haka aka doke su 5 da 3.

Inda ka ɗan yi gaskiya, ya karɓi takardar zama ɗan Sifaniya, ya buga musu wasa huɗu, bai ci ko ɗaya ba. Ya rasu a 2006, aka fara ba da kyautar a 2009, kuma Cristiano Ronaldonka ne ya fara ɗauka. Bari na tsaya nan, an kira sallah.