Wannan siririyar kafa ta gefen laftof, mene ne amfaninta?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Na sayi laftof ta hannu, Dell Latitude, sai na ga wata siririyar kafa a gefenta mai faɗin katin ATM. Mai gyara ya ce ta karanta kati ce. Me za ta yi mini a gida?

Amsa: Wa alaikumus salam. Mai gyaran ya yi gaskiya, amma kada ka ɗauka irin kadridar da ake zura wa memori ce don kwashe hotuna. Wannan tana magana ne da katin da ke ɗauke da cif, ɗan ƙarfen nan mai ruwan zinare da kake gani a jikin katin banki da layin waya. Cif ɗin ƙaramar kwamfuta ce mai zaman kanta. Na'urar tana ba shi wuta ta isar masa da saƙo, shi kuma ya yi lissafin a cikinsa, mabuɗin sirrin da ke ciki ba ya fitowa waje. Kamfanoni da ma'aikatu a Turai da Amurka suna sayen irin waɗannan laftof domin ma'aikaci ya buɗe kwamfutarsa da katin aiki, shi ya sa kake ganin kafar a jikin kayan da suka zo mana.

A gida, babban amfaninta yana ƙasashen da hukuma ta ɗora ayyukanta a kan katin ɗan ƙasa. Mutanen Estoniya sun fara karɓar irin wannan kati a 2002, kuma tun 2005 suke kaɗa ƙuri'a da shi ta intanet. A Beljiyam mutum kan zura katinsa ya cike takardun haraji yana zaune a ɗakinsa, a Sifaniya ma haka. Katin Jamus na 2010 kuwa ba a zura shi, karawa ake yi, don haka wata na'urar yake buƙata ko waya mai NFC, wato fasahar karanta kati in an kara shi a jikin wayar. In ba ka da hukuma ko wurin aikin da ya ba ka kati kuma yake karɓarsa ta intanet, kafar za ta yi ta zama ne kawai.

Abin da na fi so ka duba shi ne sayen katin tsaro naka na kanka, irin na OpenPGP, wani tsari na kulle bayanai da mabuɗin sirri. Da shi da manhajar GnuPG za ka kulle fayiloli ko imel ta yadda ko an sace laftof ɗin, ɓarawo ba zai buɗe su ba sai da katin da lambar sirri. Ga lauya, akanta ko ɗan jarida mai ajiye amanar mutane, wannan ya cancanci wahalar. Ka dai kiyaye: yawancin katunan nan suna kulle kansu in an yi kuskuren lamba sau 3 a jere, kuma in katin ya ɓata ba ka da kwafin mabuɗin a ɓoye, fayilolin sun tafi ke nan.

Tambaya: Wani ya ce mini da ita ake kwafar katin ATM. Gaskiya ne?

Amsa: Ba gaskiya ba ne. Da manhajar da ta dace za ka iya ganin lambar katin da ranar ƙarewarsa, amma mabuɗin da banki ke tantancewa yana kulle a cif, kuma babu kuɗi a ajiye a ciki. Duk mai tallar manhajar kwafar kati, ko dai aljihunka yake hari ko so yake ya cusa maka bairos. Sai dai lambar nan ma kaɗai tana da haɗari a hannun ɓata-gari, don haka kada ka zura katinka a kwamfutar da ba taka ba.

Tambaya daga wata Hajiya: Tawa laftof ɗin ba ta da kafar. Sai na sake laftof?

Amsa: A'a Hajiya. Akwai na'urar karanta katin ta USB mai araha. Ki nemi wadda aka rubuta CCID ko PC/SC a kwalinta, Windows kan gane ta da kanta ba sai kin sauke komai ba. Kafin ki biya, ki tabbata ko katinki na zurawa ne ko na karawa.