Amsoshin Tambayoyinku: Ranakun da Suka Zo Ɗaya a Tarihin Girka da na Duniya

Tambaya daga wani malamin tarihi a Zariya: Na ga an ce ranar 25 ga Maris Girkawa suka ɗaura yaƙin neman 'yanci daga mulkin Turkiyya a 1821, kuma a wannan rana ce Birtaniya ta haramta cinikin bayi a 1807. Zan iya gaya wa ɗalibaina cewa rana guda ce?

Malam, a takarda haka ne, amma a lissafin gaskiya kwana 12 ne tsakaninsu. Dalili kuwa, ƙasashen biyu ba da kalanda ɗaya suke ƙirga kwanaki ba a lokacin.

Tsohuwar kalandar Turawa, wato ta Juliyan, tana ɗaukar shekara a kan kwana 365 da rubu'i, alhali ainihin shekarar rana ta gaza haka da kusan minti 11. Wannan 'yar rarar kan taru ta zama kwana guda cur a duk shekara 128. A 1582 Fafaroma Girigori na 13 ya gyara lissafin: aka kwana Alhamis 4 ga Oktoba, aka wayi gari Juma'a 15 ga wata. Sai dai ba kowa ya bi nan take ba. Birtaniya sai 1752 ta sauya. Girka kuwa, mai bin cocin Otodoks, ta jinkirta har 1923, inda aka tashi daga 15 ga Fabrairu aka faɗa 1 ga Maris.

Saboda haka kafin ka haɗa ranar Girka da ta wata ƙasa, fara duba shekarar. In ta gabaci 1923, tambayi kanka ko an riga an juya ranar zuwa sabuwar kalanda. In ba a juya ba, ƙara kwanaki gwargwadon ƙarnin: kwana 10 daga 1582 zuwa Fabrairun 1700, kwana 11 zuwa 1800, kwana 12 zuwa 1900, daga nan kuma kwana 13. Da wannan lissafi, 25 ga Maris 1821 a Girka ita ce 6 ga Afrilu a Landan da Faris. Inda mutane suka fi zamewa shi ne su ƙara 13 a ko'ina, ko su sake juya ranar da aka riga aka juya. Yaƙin ruwa na Nabarino a gaɓar Girka, inda jiragen Birtaniya da Faransa da Rasha suka ragargaza na Turkiyya da Masar, an fi rubuta shi 20 ga Oktoba 1827. Wannan sabuwar kalanda ce, a tsohuwar 8 ga wata ne. Wanda ya ƙara masa 12 ya kai shi Nuwamba a banza.

Ga misalin da ɗalibai za su gane da sauri. An buɗe gasar Olamfik ta zamani ta farko a birnin Atina ranar 6 ga Afrilu 1896 a lissafin baƙi. Su kuwa masu gida ranar 25 ga Maris ce a wurinsu, ranar bikin 'yancinsu.

Ita kanta 25 ga Maris ɗin, zaɓarta aka yi. Sarki Otto ne ya mayar da ita ranar bikin ƙasa a 1838, kuma ta dace da idin da Kiristoci ke tunawa da albishir ɗin da Mala'ika Jibrilu ya kawo wa Maryam. Amma tun a Fabrairu Ifsilantis, ɗaya daga cikin jagororin boren, ya ƙetare kogin Furut daga ƙasar Rasha da dakarunsa, kuma garin Kalamata ya shiga hannun Girkawa ranar 23 ga Maris. A ganinmu, ka koya wa yara cewa ranar tunawa ce, kada su ɗauka ranar aka harba bindigar farko. Haka dokar 1807: fataucin bayi ta hana, ita bautar kanta sai dokar 1833.

Tambaya daga wata ɗaliba a Maraɗi: Da gaske ne an ci birnin Kustantiniyya ranar 29 ga Mayu, ranar da ake rantsar da shugaban ƙasa a Najeriya?

'Yar'uwa, haka littattafai ke rubutawa, kuma ba kuskure ba ne. Sarki Muhammadu na Biyu na Daular Usmaniyya ta Turkiyya, yana ɗan shekara 21, ya yi wa birnin ƙawanya daga 6 ga Afrilu 1453, ya shige shi ranar 29 ga Mayu bayan kwana 53. Sarkin Rumawa na ƙarshe, Kwanstantin na 11, a ranar ya mutu. Birnin shi ne Santambul na yau. A Najeriya kuma 29 ga Mayu 1999 sojoji suka miƙa mulki ga Olusegun Obasanjo, kuma har yau a ranar ake miƙa mulki, ko da yake bikin dimokuraɗiyya ya koma 12 ga Yuni.

Abin lura shi ne, al'adar masana tarihi ce su bar duk ranar da ta gabaci 1582 a kalandar Juliyan. Da za a juya ta, 7 ga Yuni za ta zama, domin a ƙarnin nan tazarar kwana 9 ce. Hanya mai sauƙi ta gwadawa ita ce ranar mako, tun da sauyin kalanda bai taɓa jerin Lahadi da Litinin ba. Ranar Talata aka ci birnin, shi ya sa har yanzu Girkawa da dama ke yi wa Talata kallon ranar rashin sa'a. In kin saka 29 ga Mayu 1453 a manhajar waya ta ba ki Lahadi, to da sabuwar kalanda ta yi lissafin.

A Hijiriyya kuwa, ranar ita ce 20 ga Jimada Ula 857. Shekarar Musulunci ta gaza ta rana da kusan kwana 11, don haka zagayowar ranar kan yi yawo cikin watannin Turawa. Don kimanta shekara, ninka ta Hijira da 0.97 ki ƙara 622: 857 zai ba ki 1453.

Tambaya daga wani mai karatu a Kumasi: Wace rana ce za a iya haɗawa ba tare da wannan lissafin ba?

Duk wadda ta biyo bayan 1923. Mafi shahara ita ce 28 ga Oktoba 1940. Da misalin ƙarfe uku na dare jakadan Italiya, Emanuwele Girazi, ya buga wa Firaminista Metaksas ƙofa da takardar wa'adi: ko ya bar sojojin Italiya su shiga ƙasar, ko yaƙi. Ya ƙi. Kafin gari ya waye Italiya ta kawo hari daga Albaniya, Girkawa suka kora su baya har suka kama garin Koritsa na Albaniya a Nuwamba, sai da Jamus ta shigo ranar 6 ga Afrilu 1941 kafin ƙasar ta faɗi. Girkawa na kiran ta Ranar A'a, ana faretin sojoji da na 'yan makaranta. A 28 ga Oktoba 1962 kuma shugaban Sobiyat Kurushof ya sanar da janye makamai masu linzami na Tarayyar Sobiyat daga Kyuba. Haka 17 ga Nuwamba: a 1973 tankar yaƙi ta fasa ƙofar kwalejin fasaha ta Atina kan ɗalibai masu bore wa mulkin soja, a 1989 kuma zanga-zangar ɗalibai a Farag ta buɗe hanyar rushewar mulkin kwaminisanci a Cekoslobakiya.

Tambaya daga wani ɗalibin jami'a a Kano: Ya aka yi aka san ranakun yaƙe-yaƙen Girkawa na zamanin da?

Yawancinsu shekara da wata kawai ake iya tsayarwa. Kowane birni da tasa kalandar, watanninsu na bin tsayuwar wata, kuma hukumomi kan cusa ƙarin wata idan lissafi ya goce. Shi ya sa in ka ga an rubuta wa yaƙin Maraton na shekara ta 490 kafin haihuwar Annabi Isa (AS) rana takamaimiya, ka ɗauke ta a matsayin ƙiyasi. Su ma Girkawan dauri suna son haɗa ranaku: Herodotus ya ruwaito cewa yaƙin Falatiya da na Mikale a shekara ta 479 rana guda aka yi su, masana da yawa kuwa na ɗaukar wannan a matsayin ƙawata labari.

Inda ake samun tabbas shi ne inda sama ta ba da shaida. An yi husufin wata dare 11 kafin Iskandar Mai Girma ya gwabza da Sarki Dariyus na Uku na Farisa a Gaugamela, kusa da Mosul ta yau. Masu ilimin taurari sun ƙirga baya sun sami husufin ranar 20 ga Satumba na shekara ta 331, kuma allunan yumɓu na masu duban taurari a Babila sun rubuta husufin da yaƙin. Da haka aka tsayar da 1 ga Oktoba. Za ka iya ajiye ta kusa da 1 ga Oktoba 1949, ranar kafa Jamhuriyar Jama'ar Sin, da 1 ga Oktoba 1960 ta Najeriya, muddin ka rubuta a gefe cewa ta Iskandar da ma'aunin Juliyan aka ƙirga ta, kalandar da sai bayan kusan shekara 285 da yaƙin aka ƙirƙiro.