Amsa: Tsutsar ciki a kajin gida

Ɗan'uwa na garin Mai Wurno da ke jihar Sinnar a Sudan, ka ce kajinka suna ci amma sai ramewa suke yi, ƙwai ya ragu, kuma ka ga fararen tsutsotsi dogaye kamar taliya a kashinsu. Wannan tsutsar hanji ce. Ka nemi piperazine ko levamisole a shagon magungunan dabbobi, ka dama a ruwan sha daidai yadda aka rubuta a jikin ledar, ka ba su duka har da zakara da 'yan tsaki, ka maimaita bayan mako 2. Ka janye musu ruwa tun da dare, da safe za su shanye na maganin tas. Kar a ci ƙwan sai kwanakin da takardar ta faɗa sun cika.

Sai dai magani kaɗai ba ya raba su da ita. Ƙwan tsutsar yana yin watanni a ƙasa mai laima da inuwa, baƙar ƙasarmu ta Sinnar kuwa ka san yadda take riƙe ruwa da damina. Ni sau uku ina ba nawa magani tana dawowa, ashe a ƙarƙashin randa suke yini suna tono. Da na kwashe kashin akurki, na zuba busasshen yashi, na daina watsa musu dawa a ƙasa, sai abin ya lafa. Idan kuma jini ka gani a kashin, wannan galibi koksidiya ce, wata cutar hanji da ba tsutsa ke kawo ta ba, amprolium ne maganinta.