Littafin da kowa ke yabo bai gamsar da ni ba: in sayi ci gabansa ko in haƙura?

Tambaya daga Garwa, Kamaru: Assalamu alaikum Malama. Ni tela ce, kuma abin da nake ragewa daga kuɗin ɗinki da shi nake sayen littattafai. A watannin nan na karanta guda uku da ƙawayena suka yi ta yabo. Na farko littafin yaƙi ne mai aljanu da matsafa, kwana biyu na kasa ajiye shi, amma da na kai kashi na uku na ga jarumin ba ya taɓa shan kaye, sai labarin ya fita daga raina. Na biyu na soyayya ne da ake sayarwa a WhatsApp, hirar masoyan ta yi mini daɗi ƙwarai, sai dai mijin yana marin matar yana kulle ta a ɗaki, marubuciyar kuma tana nuna wai tsananin so ne ya jawo. Na uku labarin zaman gidan aure ne, gaskiya ce tsantsa a cikinsa, amma na gama shi da ƙunci a zuciyata. Yanzu ina da jaka goma ta sefa a hannu. In sayi ci gaban waɗannan ne, ko in nemi wasu? Ko dai ni ce ban iya karatu ba, tun da kowa yabonsu yake yi?

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanwata. Kin iya karatu, wasiƙarki ma ta isa shaida, domin wanda bai iya ba ba zai gane wurin da labari ya fara sanyi ba, balle ya faɗi dalili. Ba zan ce ki bar ko ɗaya daga cikin ire-iren labaran nan ba. Abin da nake so shi ne ki riƙa bambance abin da irin labarin ya gada da abin da marubucin ya gaza, domin da wannan ne za ki san inda ya dace jakarki goma ta tafi.

Labarin aljanu da jarumai ba baƙo ba ne a rubutun Hausa. Gasar da aka shirya a Zariya a 1933, wadda aka buga littattafanta a 1934, ita ta fito da Ruwan Bagaja na Abubakar Imam da Ganɗoki na Bello Kagara, kuma dukkansu sun shiga duniyar aljanu. Amma ki lura da jarumin Ruwan Bagaja: yana yi wa Malam Zurƙe wayo, Malam Zurƙe yana rama masa, yau shi ne a sama gobe shi ne cikin wulaƙanci, kuma littafin ɗan ƙarami ne da za ki gama a zama ɗaya. Tun a tatsuniyar da kakanninmu suka yi mana, kowane asiri yana da makari, kowace laya tana da sharaɗin da in aka karya shi ta lalace. Makarin nan ne ke sa gaban mai karatu ya faɗi. Idan takobin jarumi ba shi da makari, ƙarshen kowane yaƙi sananne ne tun kafin a zare shi, kuma abin da ya same ki a kashi na uku ke nan. Kasuwa ma tana da hannu a ciki, domin ana buga waɗannan labarai ƙanana-ƙanana, kowane kashi a yanke shi a daidai inda numfashi ya tsaya don a dawo a sayi na gaba, marubucin kuwa da wuya ya yarda a kayar da jarumin da ke kawo masa ciniki. Kada ki sayi na huɗu. Ki ara a wurin ƙawar da ta yaba shi, idan kin ga labarin ya farfaɗo sai ki koma. Nan gaba kuma, kafin ki biya kuɗin littafi na ɗaya, ki tambayi mai shago kashi nawa ne, kuma ko na ƙarshen ya riga ya fito.

Na soyayyar shi ya fi damuna, kuma a kansa zan fi tsayawa. Mutane da yawa suna ɗauka cewa littattafan soyayya duk shirme ne, alhali tarihinsu bai nuna haka ba. So Aljannar Duniya na Hafsat Abdulwaheed ya fito a 1980, In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino ya fito a 1991, kuma da yawa daga cikin abin da aka zo ana kira adabin kasuwar Kano mata ne suka rubuta shi, suna magana a kan auren dole da hana yarinya karatu da sakin da ba shi da dalili, a lokacin da ba kowa ke iya faɗin waɗannan a fili ba. Saboda haka son hirar masoya ba abin kunya ba ne, kuma nuna mugun miji a cikin labari ba laifi ba ne, tun da akwai irinsu a unguwanninmu. Laifin yana wurin da aka yi wa mugunta kwalliya. Ga yadda nake gwada irin wannan littafi: bayan marin, hawayen wa marubuciya ta bi? Idan ta shiga ɗaki tare da matar, ta nuna mana kumburin kuncinta da tsoron da ke kama ta duk lokacin da ta ji ƙarar buɗe ƙofar gida, to marubuciyar ta san abin da take rubutawa. Idan kuwa ta bi mijin zuwa mota tana ba mu labarin yadda zuciyarsa ke tafasa don kishi, washegari ya dawo da sarƙar zinariya magana ta mutu, matar ma ita ce ta durƙusa tana ba da haƙuri, to wannan littafi yana koya wa 'yan mata su karɓi duka a matsayin alamar ƙauna. Ƙyamar da kika ji a wurin nan lafiyayyar ƙyama ce, kada yabon ƙawaye ya sa ki yi shakkarta.

Yana da kyau ki san yadda ake rubuta yawancin littattafan WhatsApp, domin yana bayyana abin da kika gani. Marubuciya takan saki shafukan farko kyauta, idan labari ya kama mutane sai ta ce daga nan sai wanda ya biya, sannan ta ci gaba da rubutu kullum tana turawa a zauren waɗanda suka biya, tana kuma karanta abin da suke cewa. Duk wurin da ya tayar da hayaniya shi za a maimaita, labarin da ya isa a gama a shafi hamsin sai ya kai ɗari biyu, kuma babu wani edita a tsakani da zai ce a nan an wuce gona da iri. Akwai masu rubutu mai kyau a cikinsu, na karanta wasu da ba zan manta da su ba. Amma ni ma na taɓa biyan kuɗin wani littafi, aka kai tsakiya marubuciyar ta yi shiru, zauren ya watse, har yau ban san yadda aka ƙare da yarinyar da na shafe wata guda ina tausayawa ba. Tun daga ranar ba na biyan kuɗin littafin da ba a kammala ba, ke ma ina ba ki wannan shawara.

Mu da ke Kamaru muna da ƙarin wahala a wajen biya. Farashin da naira ake sa shi, asusun bankin kuma na Nijeriya ne, don haka sai kin bi ta hannun ɗan canji ko wani ɗan kasuwa mai zuwa Yola ko Mubi, kowannensu kuma da ladansa. Wasu marubutan sukan ba da lambar da masu karatu na Nijar za su tura kuɗi, amma ki tuna cewa sefar Nijar ta Afirka ta Yamma ce, tamu ta Afirka ta Tsakiya ce, darajarsu ɗaya amma turawa daga nan zuwa can aika kuɗi ne zuwa wata ƙasa, da cajinsa. Ki lissafa wannan duka a cikin kuɗin littafin kafin ki ce yana da araha. Idan kuma wata ta turo miki littafin kuɗi a ɓoye ba tare da an biya ba, ki sani gumin marubuciyar ne aka ɗauka, kamar yadda ba za ki so a karɓi ɗinki a hannunki a tafi ba a sallame ki ba.

Na ukun kuwa, wanda ya bar ki da ƙunci, mai yiwuwa shi ne mafi daraja a cikinsu. Labarin da ya ɗauko rayuwarmu kamar yadda take ba ya alkawarin faranta rai. Alhaki Kuykuyo Ne na Balaraba Ramat Yakubu, wanda ya fito a 1990, labarin matar da miji ya kora da 'ya'yanta ne bayan ya yi sabon aure, ta koma sayar da abinci don ta riƙe su, kuma har yau ana karanta shi. A nan kusa da mu, Djaïli Amadou Amal, 'yar Marwa, ta rubuta labarin mata uku da ake ta ce musu "munyal", wato haƙuri da Fulatanci. An fara buga shi a Yawunde a 2017, aka sake fitar da shi a Faransa a 2020 da sunan Les Impatientes, a shekarar kuma ya ci kyautar adabi ta Goncourt ta ɗaliban lise, wato babbar sakandare. Duk wadda ta taɓa zama a ɗakin amarya a Garwa ko Marwa ta ji gwaggwanni suna jera wa yarinya nasihar haƙuri za ta gane muryoyin da ke cikinsa. Abin da za ki tambayi kanki shi ne ko ƙuncin ya bar miki fahimtar wani abu, misali dalilin da ya sa wata maƙwabciyarki ta kasa barin gidan da ake cutar da ita, ko kuwa masifu ne kawai aka jibga wa mutum ɗaya don a sa ki kuka. Idan na farkon ne, marubucin ya cancanci ki nemi sauran littattafansa. Sai dai ki zaɓi lokacin karanta irinsa, kada ya zama daren da kika tashi daga kan keken ɗinki a gajiye ana gobe salla.

Game da jaka goman, ki sa kaso mafi tsoka a littafin takarda guda ɗaya da kika tabbata za ki sake buɗewa bayan shekara, ko ki miƙa wa ƙanwarki. Idan na Faransanci ne ki tambayi bugun aljihu, ya fi babban bugu sauƙin kuɗi, kuma kafin ki saya ki leƙa ɗakin karatu na Aliyans, cibiyar al'adun Faransa da ke nan Garwa, ko za ki samu na aro. Ɗan abin da ya rage ki sayi na soyayya guda ɗaya da aka kammala, bayan kin karanta shafukan kyauta, kin kuma tambayi wadda ta gama shi tambaya ɗaya: yaya mijin yake yi idan ya yi fushi?

Tambaya daga Marwa: Malama, 'yata tana lise, tana karanta Faransanci sosai, Hausa kuma a gida kawai take yin ta. Na same ta tana fama da wani littafin soyayya na Hausa a waya. Raina ya ɓaci da abin da na gani a ciki, amma na ji daɗi da ganin tana son karanta harshenmu. Me zan saya mata?

Amsa: Malam, Allah ya saka da alheri da ba ka tsaya a ɓacin rai kaɗai ba. Ƙwace waya ba ya kashe son labari, sai dai ya mayar da shi ɓoye. Ka saya mata Magana Jari Ce na Abubakar Imam, littafi uku ne da suka fito tsakanin 1937 da 1939, inda a na farko aku ke ba ɗan sarki labarai don ya hana shi fita zuwa yaƙi. Labaran gajeru ne, akwai ban dariya da hikima, Hausarsu kuma ita ce ma'aunin da ake gwada rubutu da shi har yau. Idan za ka ba wani mai zuwa Kano ko Maiduguri saƙon sayowa, ka ce ya buɗe ya duba, domin akwai bugun jabu mai dusashen tawada da shafukan da suka ɓace ko aka juya.

Za ta yi tuntuɓe da farko, kuma ba rashin ƙoƙari ba ne. Idonta ya saba da ƙa'idar Faransanci, inda sautin da muke rubutawa da "u" ake rubuta shi "ou", wanda muke rubutawa da "c" ake rubuta shi "tch", ga kuma haruffa masu lanƙwasa, ɓ da ɗ da ƙ, da ba ta haɗu da su a aji ba. Maganin wannan shi ne ta riƙa karanta muku labari ɗaya da babbar murya bayan sallar isha'i, kuna gyara mata, cikin mako kaɗan kunnenta zai ja idonta. Soyayyar kuma kada a rufe mata ƙofa gaba ɗaya, yarinya ce mai tasowa kuma za ta nema. Ka bar mahaifiyarta ko gwaggonta ta fara karanta littafin kafin a ba ta, su kuma yi hirarsa tare. Akwai kuma gasar Hikayata ta sashen Hausa na BBC, wadda aka fara a 2016 domin gajerun labaran mata, ana karanta waɗanda suka yi fice a rediyo, kuma sauraronsu ba ya cin ko dala.

Tambaya daga Kuseri: Ni direba ne, ba ni da lokacin riƙe littafi, sai dai in saurari waɗanda ake karantawa a YouTube. Wasu suna da daɗi, wasu muryar kamar ta inji, ga data tana ƙarewa. In sayi katin memori da aka cika da su?

Amsa: Ɗan'uwa, kafin ka biya ka sa mai shagon ya kunna maka farkon labari ɗaya da kashinsa na ƙarshe, domin sau da yawa ana cika kati da labaran da ba su kai ƙarshe ba, kuma a nan za ka ji ko mutum ne ke karatun ko na'ura. Labarin da ka san yana tashar marubucinsa ko ta wanda aka ba izini, gara ka sauke shi daga can lokacin da ka samu intanet mai sauƙi, ka ajiye a waya. Littafin yaƙi mai tayar da hankali kuma ka bar shi sai ka yi fakin, ko kana jiran layi a gadar shiga Njamena.