Amsar Likita ga Baba Alhaji: "Ƙarfe nawa ciwon ya fara?"

(An rubuta muryar saboda waɗanda ke wurin aiki ba su samu saurara ba.)

Assalamu alaikum jama'a. Baba Alhaji, barka da dare, ya gajiyar hidima? Na ji saƙonka tun la'asar, ina bakin aiki ne shi ya sa sai yanzu. Ka ce kun kai wani alhaji asibiti nan Makka da ciwon ƙirji, mutum yana nishi, su kuwa sai jero tambayoyi suke kamar 'yan jawazat (jami'an duba fasfo): yaushe ya fara, wane magani yake sha, ina takardunsa na gida. Wai wannan ba ɓata lokaci ba ne?

Allah ya huci zuciyarka Baba, amma wallahi tambayoyin nan da su ake fara maganin.

Abin da muke ce wa bugun zuciya, gudan jini ne ke toshe jijiyar da ke ciyar da zuciyar kanta. Daga nan naman zuciya ya fara mutuwa ke nan, kuma wanda ya mutu ba ya dawowa. Shi ya sa ƙa'idarmu a yi ECG, wannan mai wayoyin da ake mannawa a ƙirji, cikin minti 10 da isowa. In asibitin yana da ɗakin buɗe jijiya, ana so a buɗe ta cikin minti 90. In babu, akwai allurar narkar da gudan jinin, sai dai tana da wa'adi, awa 12 daga fara ciwon, kuma ta fi amfani a awoyin farko. Ta shanyewar ɓarin jiki ma awa 4 da rabi ce kacal. To na tambaya an ce mini "ai tun ɗazu". Wane ɗazun? Na bayan asuba ko na bayan azahar? Mu nan ma abin da sauƙi, kowa yana riƙe da lokacin sallar Harami. Ka ce mini "muna fitowa daga isha'i ya dafe ƙirji", shi ke nan, ka gama mini aiki.

Sai maganar magani, nan ne muke shan fama. "Wata 'yar farar ƙwaya ce nake sha da safe." Baba, farar ƙwaya ai ta fi ɗari. In mutum yana shan maganin tsinka jini irin su warfarin, muka ɗora masa waccan allurar ba mu sani ba, jini na iya ɓallewa a ƙwaƙwalwa. In ƙodarsa na da rauni, ruwan da ake zubawa a jijiya don a ga toshewar yana iya ƙara mata lahani, sai an yi taka-tsantsan. Tsohon ECG kuwa kada ku raina shi ko da ya yamutse a aljihun jaka. Wanda ya daɗe da hawan jini zuciyarsa kan yi kauri, hoton ya fito kamar bugun zuciya alhali haka yake tun da. Sai an ajiye tsoho da sabo kusa da juna ake gane abin da ya canza. Haka gwajin jinin nan, troponin, da kuke ƙorafin an ɗiba sau biyu: hawansa tsakanin na farko da na biyu muke dubawa.

Ga kuma shekaru. Alhazanmu nawa ne fasfo ya ce an haife su 1 ga Janairu? In kun san dattijo ya haura abin da ke rubuce, ku faɗa mana, ba za mu kai ƙara ba.

Abin kuma bai tsaya kan majinyaci ɗaya ba. Abu mai yawa da duniya ta sani kan illar taba, hawan jini da maiƙon jini ga zuciya ya faro ne daga wani gari a Amurka, Framingham, inda tun 1948 aka riƙa bin mutum 5,209 ana rubuta lafiyarsu, kuma kusan dukkansu Turawa ne. Mu fa? Sai a 2019 aka fitar da binciken CREOLE, wanda aka yi a ƙasashe 6 na Afirka har da Najeriya, ya nuna haɗin magungunan da ke da ƙwayar amlodipine a ciki ya fi sauke hawan jinin baƙar fata. Da ba a rubuta awon mutanenmu daidai ba, da har yau da ma'aunin wasu ake ba mu magani. Don haka in ma'aikaciyar jinya ta tsaya tana shigar da bayani a kwamfuta, kada a harare ta.

Roƙona ga masu hidimar alhazai: tun a masauki ku ɗauki hoton kwalin maganin kowane dattijo, da takardun gwajinsa, ku ajiye a waya. Ciwo ya taso, ku duba agogo, ku kira is'af, wato motar ɗaukar marasa lafiya, a 997, kada a tsaya neman tasi ko jiƙa wani abu.

Hajiya, na ga tambayarki kan kumburin ƙafa bayan haihuwa. Wannan tana da tsawo, gobe in sha Allahu bayan na sauka daga aiki. Sai dai in har da haki ko kasa kwanciya, kada mai jegon ta jira muryata, a kai ta asibiti yau.