'Yan sanda sun kwashe mana bindigogin wasa ana gobe gasa: in kai ƙara?

Tambaya: Assalamu alaikum Barista. Ni matashi ne a cikin garin Bauchi. Ni da abokaina muna da ƙungiyar wasan harbi da bindigar eyasof, irin wadda ke aiki da iskar gas tana harba ƙwayar roba, kuma mun yi wa ƙungiyar rajista da CAC, hukumar yi wa kamfanoni da ƙungiyoyi rajista. Mun shirya gasa irin ta Action Air, wadda mutum ke zagayawa yana harbin allunan kwali ana auna masa lokaci. Muka kama wani fili mai katanga, muka ba mai wurin kafin alƙalami, muka karɓi kuɗin shiga a hannun masu fafatawa. Ana gobe gasa muna cikin gwaji sai ga 'yan sanda, suka kwashe bindigogin, suka tafi da ni ofis na rubuta bayani, da yamma aka ba da belina. Yanzu mai fili ya ce ko kwabo ba zai mayar ba, masu fafatawa kuma sun hana wayata sakat. Tunda bindigar wasa ce ba ta buƙatar lasisi, kuma muna da rajista, ina so in maka 'yan sandan a kotu kan tauye haƙƙi, shi ma mai filin in kai shi. Ta ina zan fara?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Abin da zan faɗa ya tsaya ne kan abin da ka rubuto, kuma akwai takardu biyu da za su iya sauya shi: bayanin da ka sa wa hannu a ofishin 'yan sanda, da duk wani rubutu da ke tsakaninka da mai fili. Amma ko kafin a duba su, ba zan ce ka fara da kotu ba. Maganar da ka ɗora ƙarar a kanta, wato bindigar wasa ce ba ta buƙatar lasisi, ba ta da ƙarfin da kake zato.

Dokar Bindigogi ta 1959, wadda har yau ita ake aiki da ita, ta kasa bindigogi gida uku. Kashi na farko su ne haramtattu, waɗanda sai da lasisin Shugaban Ƙasa ake riƙe su, kuma fistol na cikinsu. Kashi na biyu su ne waɗanda Sufeto Janar na 'Yan Sanda ke ba da lasisinsu, irin su bindigar farauta. Na uku bindigar toka da danginta, waɗanda ke hannun Kwamishinan 'Yan Sanda na jiha. Abin da yawancin masu wannan wasa ba su sani ba shi ne, a kashi na biyu an ambaci bindigar iska ƙarara, doguwarta da ƙaramarta. Don haka cewa da iska take aiki ba da albarushi ba, shi kaɗai bai fitar da ita daga dokar ba.

Kana da hujja, ban ce ba ka da ita ba. Dokar ta fassara bindiga da cewa makami ne mai bututu wanda ke iya kisa. Ƙwayar eyasof roba ce mai faɗin milimita 6, nauyinta bai kai rabin giram ba, kuma da wuya a ce fistol ɗin da ake gasa da ita tana kisa. Lauya zai iya tsayawa ya ce bindigar iskar da masu dokar suka nufa ita ce mai harba dalma, wadda ake harbin tsuntsu da ita, kuma an rubuta dokar tun kafin a ƙirƙiro eyasof a Japan a shekarun 1970. Hujja ce mai ma'ana, mai yiwuwa ma alƙali ya karɓa. Sai dai mai gabatar da ƙara zai amsa cewa fassarar ba ta tsaya kan kisa ba, ta ci gaba ta haɗa da duk abin da aka lissafa a kasusuwan nan uku, kuma taka ƙaramar bindiga ce mai harbi da iska. Wannan muhawara, in ta tashi, ba a matsayin mai ƙara za ka yi ta ba, a akwatin wanda ake tuhuma za ka yi ta. Riƙe bindigar kashi na biyu ba lasisi na iya kai mutum ɗaurin da ya kai shekara 5, na kashi na farko kuwa mafi ƙarancinsa shekara 10. Ban ce za a tuhume ka da wannan ba, kuma yadda aka sake ka ran nan alama ce mai kyau. Ina dai so ka san nauyin abin da kake shirin taɓowa.

Akwai kuma tambayar da ba ka yi ba, wadda ita ta fi damuna: ta yaya bindigogin suka shigo ƙasar? A jerin kayan da hukumar kwastam ta haramta shigowa da su kwata-kwata, ƙaramar bindigar iska na ciki. Ban da wannan, akwai kayan da suka shafi tsaro waɗanda ba a shigo da su sai da takardar shaidar mai amfani daga ofishin Mai Ba Shugaban Ƙasa Shawara kan Harkokin Tsaro. In wani ne ya saƙo muku su cikin kaya daga Dubai ko Sin, ko kuka saya a intanet babu rasit, to ranar da ka shigar da ƙara, abu na farko da lauyan 'yan sanda zai nema shi ne takardun shigowarsu. Ka tambayi kanka tun yanzu me za ka miƙa.

Batun rajista kuwa gajere ne. Takardar CAC ta mayar da ƙungiyarku abin da doka ta sani: za ku iya buɗe asusun banki, ku ƙulla yarjejeniya, ku yi ƙara ko a yi ƙararku. Ba lasisin riƙe komai ba ce. Haka nan wasiƙar amincewa daga ma'aikatar wasanni ta jiha ko daga hakimi tana da amfani, amma ba ta warware matsalar, domin makamai da harsasai suna cikin abubuwan da Kundin Tsarin Mulki na 1999 ya keɓe wa gwamnatin tarayya ita kaɗai.

Game da tauye haƙƙi, gaskiya ne sashe na 40 na Kundin Tsarin Mulkin ya ba ku 'yancin taruwa da kafa ƙungiya, kuma tun 2007 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta yanke, a shari'ar Sufeto Janar da jam'iyyar ANPP, cewa ba a buƙatar izinin 'yan sanda kafin a yi taro na lumana. To amma, bisa abin da ka rubuto, ba taronku aka hana ba, kaya aka ɗauka. Sashe na 44 da ke kare dukiya shi da kansa ya bar ƙofa a riƙe kayan mutum na ɗan lokaci don bincike. Ka kuma sa kanka a matsayin ɗan sandan da aka kira aka ce ga samari a bayan katanga da fistol. Waɗannan bindigogi an ƙera su ne su yi kama da na gaske, har samansu kan ja baya in an harba. Daga nesa babu mai bambance su, kuma a yanayin da Arewa maso Gabas ta daɗe a ciki, da wuya alƙali ya ce zargin ba shi da tushe. An sake ka cikin yini guda, wato ba a wuce wa'adin da sashe na 35 ya tsara ba. Lissafin zai canza in an doke ka, ko an karɓi kuɗin beli, ko aka ci gaba da riƙe kayan wata da watanni ba tuhuma ba bayani. In ɗaya daga cikin waɗannan ya faru, ka faɗa wa lauyanka, don a nan ne ƙara ke samun ƙafar tsayawa.

Abin da nake ganin ya fi shi ne lauya ya rubuta wa Kwamishinan 'Yan Sanda takarda, cikin ladabi ba barazana, a haɗa da kwafin rajistarku, sunayen shugabanni, rasit in akwai, da bayanin kamfanin da ya ƙera bindigogin. A nemi a ba ku jerin abin da aka ɗauka a rubuce, masanin makamai na rundunar ya duba su, sannan a faɗa muku matsayin rundunar a kansu. A bayyana musu wasan kansa, domin akasari ba su san shi ba: reshe ne na ƙungiyar harbi ta duniya IPSC da aka kafa a Amurka a 1976, kuma an yi gasar duniya ta farko ta Action Air a Hong Kong a 2018. A nuna musu cewa allo ake harbi ba mutum ba, akwai alƙalin fili a bayan kowane mai harbi riƙe da na'urar auna lokaci, ba a ɗura bindiga sai ya ba da umarni, kuma wanda ya juya bakinta wajen jama'a an kore shi daga gasar nan take. Ku gayyace su su zo su gani. In ba a samu amsa ba, akwai ofishin Mataimakin Sufeto Janar na shiyya ta 12 nan Bauchi. Ka je duk lokacin da aka kira ka, kada ka ƙara rubuta wani bayani ba tare da lauya ba, kuma ka hana abokanka zuba zagi da hotunan bindigogi a Facebook. Zan kuma faɗa maka gaskiya: mai yiwuwa amsar ta zama sai da lasisi, kuma a 2023 hedikwatar 'yan sanda ta sanar da dakatar da ba da sabbin lasisin ƙananan makamai. Ka shirya wa yiwuwar a rufe maganar amma kayan su ƙi dawowa. In aka zo nan, da ni ne, zan yarda a rufe maganar.

Sai mai fili. Cewa ko kwabo ba zai mayar ba, magana ce ta wanda ya ga kana cikin matsi, ba ta wanda ya duba haƙƙinsa ba. Gasar ba a yi ba, filinsa na nan, kuma in ya san abin da za ku yi tun farko ya karɓi kuɗinku, bai kamata yanzu ya yi kamar bai taɓa jin labarin ba. A hukuncin haya na Musulunci ma, asali lada na bin amfanin da aka samu ne. Duk da haka kada ka ɗauka kuɗin duka naka ne. In kun rubuta cewa kafin alƙalami ba ya dawowa, wannan zai yi nauyi. Zai iya cewa shi bai hana ku shiga ba, kun yi gwaji a wurin, ya kuma mayar da wasu masu biki saboda ku. Mafi haɗari, lauyansa zai iya cewa yarjejeniyar don abin da doka ta hana aka ƙulla ta, kuma kotu ba ta tilasta irin wannan. Ka ga ke nan ƙarar kuɗin haya za ta ja ka zuwa tambayar da muke ƙoƙarin kada a yi ta a gaban alƙali. Ku zauna gaban mai unguwa ko Zauren Sulhu, a cire masa kuɗin ranar gwaji da abin da ya kashe in ya nuna shaida, a mayar da saura, ko a ajiye muku shi zuwa wata rana. Duk abin da aka cimma a rubuta, shaidu biyu su sa hannu.

Masu fafatawa kuwa su ne suka fi kowa gaskiya a wannan magana. Sun biya don gasa, ba a yi ba. Ka rubuta musu yau, ka faɗi abin da ya faru da ranar da za ka biya, ko da kashi-kashi ne, kuma kada ka jingina biyansu da abin da mai fili zai mayar. Mutum ɗaya cikinsu ya fusata ya kai ƙorafin cuta ofishin da fayil ɗinka yake, aikin lauyanka ya ninka.

In Allah ya sa aka ba ku dama nan gaba, kada a tsayar da rana sai amincewar tana hannu a rubuce, ba ta baki ba, domin jami'in da ya ce ba komai ana iya canza masa wurin aiki kafin ranar. Tabarau na kariya dole ne ga kowa har 'yan kallo: ƙwayar da ba ta kisa tana fasa ido, kuma takardar "na yafe" da akan sa mutane su sa wa hannu ba lallai ta kare ku ba in an tabbatar da sakaci, balle in yaro ne ya sa hannu. A shari'ar Musulunci ido ɗaya rabin diyya ne. Bindigogi su riƙa tafiya cikin akwati a kulle, ba a ƙugu ko aljihun babur ba. Kyautar gasa kuma gara ta fito daga mai ɗaukar nauyi, kuɗin shiga ya tsaya kan hidima, saboda malamai na bambanta wannan da tara kuɗin 'yan takara wanda ya ci ya kwashe, kuma a Bauchi ba ka so a kira gasarku caca.

Kafin ka ga lauya, ka tattara takardar beli, takardar CAC, shaidar tura kuɗi ga mai fili, saƙonnin da kuka yi da shi a waya, da jerin waɗanda suka biya da abin da kowa ya biya.