Amsa ga mai tambaya kan limfoma da kuɗin maganinta

Hajiya, sannu da jinya, Allah ya ba maigidanki lafiya. Kin ce an yanko ɗan nama a wuyansa, sakamako ya nuna limfoma, kina son ki san mece ce ita, ana warkewa, kuma nawa za ku tanada. Ni ba likita ba ne. Yayana na yi jinya da wannan cuta a nan Sakkwato, daga farko har ƙarshe ni ke riƙe da fayil ɗinsa da jakar magani.

Kin san kaluluwa, wadda ke fitowa a wuya ko hammata ko matsematsi idan mutum ya ji ciwo? Ashe gidan sojojin jiki ne, wato fararen ƙwayoyin jini masu yaƙi da cuta. Limfoma sankara ce da ke tashi daga waɗannan ƙwayoyin. Kaluluwar miki tana da zafi, bayan kwana kaɗan ta sace. Ta Yaya ba ta yi zafi ba, sai girma, ga zazzaɓin da ba ya jin magani, ga gumin dare har sai an sauya zanen gado cikin tsakiyar hunturu, ga rama. Wata huɗu muka ɓata. Wani mai kemis ya yi ta ba shi maganin taifod, a wani ƙaramin asibiti kuma aka ce tarin fuka ne ya sauka a wuya. Ban cika ganin laifinsu ba, cututtukan biyu suna kama sosai, sai an duba naman ake rabe su. Ku dai kun tsallake wannan. Sannan limfoma ba a ɗaukarta, ku ci kwano ɗaya, yara su hau jikinsa.

Yanzu ki ɗauko takardar sakamakon ki duba da kyau, domin limfoma sunan dangi ne. Akwai Hodgkin, akwai wadda ba Hodgkin ba, ita kuma kashi-kashi ce da yawa. Akwai Burkitt mai kumbura muƙamuƙi ko cikin yara cikin makonni kaɗan. Wasu masu saurin girma ne, kuma abin mamaki su ne aka fi warkarwa gaba ɗaya. Masu tafiyar hawainiya an fi lallaɓa su shekara da shekaru. Ko an ce muku mataki na 4 ne, wato ta yaɗu a jiki, kada gabanki ya faɗi, a wannan cutar ana samun masu warkewa a nan ma. Idan likita ya ce a sake tura naman wani gwaji don a san ainihin nau'in, kada ku ji ƙyashin kuɗin. Mu mun so mu tsallake shi. Shi ne ya nuna ƙwayoyin Yaya suna da alamar da ake kira CD20, wadda ita ke nuna ko maganin rituximab zai yi aiki. Ba a sayen magani mai tsada haka da ka.

Mu a asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo aka yi mana. Kafin a fara an gwada jini, hanta, ƙoda, ciwon hanta na B, da HIV, an yi hoton zuciya da sikanin. Kowanne da rasit ɗinsa, kuma duk kafin ɗigon magani ya shiga jiki. Haɗin magungunan sankara, wato kemo, da aka ba shi sunansa CHOP, ana yi duk bayan kwana 21, zagaye 6. Idan an ƙara rituximab sai ya zama R-CHOP. Masu Hodgkin galibi ABVD ake ba su, duk bayan mako 2. A cikin maganin akwai wani ja wur kamar zoɓo. Ranar farko Yaya ya fito daga ban ɗaki fuskarsa a murtuke, ya ja ni gefe ya ce fitsarin jini yake yi. Nas ta yi dariya ta ce launin maganin ne, zuwa jibi zai washe.

Batun kuɗi, ba zan rubuta miki adadi ba. Abin da muka biya tsohon labari ne, tun da darajar naira ta faɗi a 2023 farashin maganin da ake shigowa da shi ya tashi, kuma ana auna maganin ne da tsawo da nauyin mutum, na maigidanki ba zai zo daidai da na Yaya ba. Abin da zan ce ki yi shi ne, ki roƙi likita ya rubuta muku magungunan zagaye ɗaya, ki kai famasin asibiti da wasu amintattu biyu su yi lissafi, ki ninka sau 6. Ki ɗora gwajin jini kafin kowane zagaye, da maganin amai, da allurar ɗaga sojojin jiki idan sun yi ƙasa, da kuɗin gado ranar da aka kwantar da shi ba shiri, da mota, da abinci. A wurinmu rituximab shi kaɗai ya fi sauran magungunan duka a haɗe tsada nesa ba kusa ba. Akwai samfurin Indiya mai ɗan sauƙi, ki tambaya. Idan ba hali, ki faɗa wa likita gaskiya, CHOP shi kaɗai ma magani ne, kuma gama shi ya fi a fara mai tsadar a tsaya a hanya.

A nan ne muka yi kuskure. Kuɗin zagaye biyu muka haɗa muka fara da bismillah. Bayan na biyu kumburin ya narke kamar ba a taɓa yi ba, 'yan'uwa suka ce alhamdulillahi, kowa ya mayar da hannu aljihu. Gwaggonmu kuwa dama tun farko cewa take: "Wagga cuta daji ta, ba ta son ƙarhe, ku bar yi mai allura." Na uku ya makara da kusan mako uku kafin mu fasa rudun albasarsa mu sayar tun farashi bai tashi ba, muka kai sa guda Kara. Likitan bai yi mana faɗa ba, ya dai ce ɓacewar kumburi ba ita ce ƙarewar cuta ba, kuma wadda ta dawo bayan an yanke magani ta fi wuyar sha'ani. Saboda haka ki tara dangi tun yau, a faɗa musu kusan wata biyar za a yi, kowa ya ɗauki zagayen da zai iya. Ku kai takarda Hukumar Zakka da Waƙafi ta jiha, ku ga ofishin walwala na asibiti. Idan yana da inshorar lafiya ta tarayya (NHIA) ko ta jiha (SOCHEMA), ku je ku ji da bakinsu abin da za su ɗauka da wanda ba za su ɗauka ba. Masu ba da jini ma ku tanade su a cikin dangi.

Idan a waje za ku sayi rituximab, sai da kula da ƙanƙara, don a firij yake zama, kin kuwa san ranar Sakkwato. Ki duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa. Daga kwana 7 zuwa 14 bayan kemo kariyar jiki takan yi ƙasa sosai. Zazzaɓi ya kai 38 a ma'aunin zafin jiki, ko ƙarfe biyun dare ne ku tafi asibiti, kada a ce bari a sha farasitamol a ga safiya. Gashi zai zube, zai dawo. Idan kuna son ƙarin haihuwa, ku yi maganar da likita kafin a fara.

Yaya ya gama zagayensa shida, yana zuwa a duba shi lokaci-lokaci, bana ma shi ya yi dashen albasarsa da kansa. Ki rubuto mini abin da ke jikin takardar nan harafi da harafi, in faɗa miki tambayoyin da za ki riƙe ranar ganin likita.